Ajin Larabcina ya rabu gida biyu, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da Larabci ga 'yan ajin farko a jami'a. Da ma ba ni ke riƙe da kwas ɗin ba, mai shi ya tafi ƙaro karatu ya bar min takardunsa a hargitse, ni kuwa nahawu na karanta, manyan ajujuwa na saba ɗauka. Mafi yawan ɗaliban Musulmi ne da suka yi Islamiyya, suna karatu ba gargada. Sauran Kiristoci ne, daga alif suka fara. Misalan fa'ili da maf'uli (wato mai aikata aiki da wanda aikin ya faɗa wa a jimla) duk daga ayoyin Alƙur'ani nake kawowa. Wata ɗaliba Kirista ta same ni a ofis ta ce ita harshe ta zo koyo, ba addini ba. Da na rage ayoyin, sai wasu Musulmin suka fara gunaguni. Ga jarrabawa ta matso, abin ya hana ni barci.

Dattijo: Malam, cire ayoyin gaba ɗaya daga ajin farko. Tun 1973 Larabci yake cikin harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙamus ɗin Munjid da muke dubawa, malamin coci ne ya wallafa shi, Luwis Ma'aluf, a Bairut a 1908. Kiristocin Masar da Labanon da Larabci suke karanta Linjila. Ka kawo gaisuwa, kanun jarida, gajerun hirarraki.

Malamar Sakandare: Haba Dattijo. Ai nahawun ma don kare karatun Alƙur'ani daga kuskure aka fara tsara shi. Mu da muka karanta adabin Turanci, labaran Baibul nawa aka ɗora mana? Wa ya tambaye mu ko mun yarda? Har yau abin yana min ciwo.

Mai tambaya: Ni fa ban taɓa yi wa kowa wa'azi a aji ba. Da waɗannan misalan aka koyar da ni, kuma babu waɗanda suka fi su tsabta.

Dattijo: To wanda ya haddace ayar tun yana yaro, da hadda zai ci makinsa, ko bai san dalilin rufu'ar ba. Wannan jarrabawar nahawu ce?

Tsohuwar ɗaliba: Ni Kirista ce, na yi irin wannan kwas. Ayoyin ba su dame ni ba, har na ji daɗinsu. Gudun da malaminmu yake yi ne ya karya ni: 'yan gaba su amsa, ya wuce, mu muna neman inda ɗigon harafin "ba" da na harafin "nun" suke. Ka raba su bisa iya karatu, Malam, kada ka raba bisa addini. Cikin Musulmin ma akwai masu karantawa ba su san ma'ana ba.

Mai tambaya: Awa biyu kacal aka ba ni a mako, kuma ɗaki ɗaya. A ina zan raba su?

Dattijo: Ni dai na faɗa maka, cire ayoyin.