Dokar jiha da ta tarayya kan batu ɗaya: wacce ke aiki?

Jama'a, ina shirin jarrabawa kan tsarin tarayya, wani wuri ya cije mini. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar tsaro da buga kuɗi ga tarayya kaɗai, amma ilimin jami'a da lantarki jihohi ma suna da hannu. Sashe na 4(5) ya ce idan dokokin biyu suka ci karo, ta tarayya ce ke aiki. Na duba littafin darasi, na tambayi malaminmu, duk a kan cin karon suke tsayawa. To idan babu saɓani fa, tarayya ta riga ta yi cikakkiyar doka, jiha ta zo ta maimaita ta, shin dokar jihar tana aiki?