Alamomin tuba ta gaskiya: abin da 'yan'uwa suka faɗa

'Yan'uwa cikin Almasihu da ke Omdurman a ƙasar Sudan, ga abin da na tsinta daga tattaunawarmu kan yadda ake gane tuba ta gaskiya.

1. Kowa ya yarda tuba tana bayyana a ciniki. A Luka 19, Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Mai tauye mudu ya gyara, ya biya wanda ya cuta.

2. Ƙishin Allah irin na Zabura 42: addu'a ko ba mai gani, ko yaƙi ya hana zuwa coci.

3. Kan hawaye aka rabu. Wasu sun ɗauke su alama. Mafi yawa suka ce hawaye kaɗai ba su isa ba, suka tuna irin shuka da ya faɗa kan dutse a misalin Yesu na mai shuka: ya tsiro da sauri, rana ta ƙone shi don ba saiwa. Nan ni ma na karkata.