Gatari ko gudumar faskare: wanne ya fi fisshe ku?

Sabon Mafaskari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Iska ta kayar mana da wata babbar darbejiya, na sa masu inji sun yanka min ita gunduwa-gunduwa, kowace tsawonta bai wuce santimita 40 ba. Ƙananan na gama da su da gatarin da ke gida. Manyan ne suka tsaye min, wasu faɗinsu ya kusa rabin mita. Ina sara sai gatarin ya nutse ya cije, in yi ta kokawa kafin in zare shi, gungumen kuwa ko gezau. Wani ya ce in nemi gudumar faskare, mai ƙaton kan nan da gefe ɗaya baki, gefe ɗaya guduma. Wani kuma ya ce wahala zan sayo wa kaina, gatarin faskare ya ishe ni. Ɗaya kaɗai zan iya saya yanzu. Waɗanda suka riƙe su duka biyun, me kuka gani?

Baban Gungume:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin a kai ga maganar saye, ɗauko gatarin nan naka ka duba kumatunsa. In siriri ne tun daga baki har kusa da ramin ƙota, to gatarin sara ne, na kayar da bishiya da datse reshe. An ƙera shi ne ya yanke jijiyar itace a gicciye, shi ya sa yake shiga da zurfi. Faskare kuma ba yanka ba ne, raba jijiya ne bisa tsawonta. Ana son abin da zai shiga kaɗan ya buɗe da yawa. Siririn baki sai ya shige tsakanin jijiyoyi su rufe a kansa su matse shi, abin da kake fama da shi ke nan.

Kaya uku ne, ba biyu ba. Akwai na saran da na faɗa. Akwai gatarin faskare, mai kumatu masu kauri, kansa yawanci kilo 1.5 zuwa 2.5. Sai gudumar faskare, wadda aka fi samu da kai mai kilo 2.7 ko 3.6, har akwai waɗanda suka haura haka. Ni tun ina da ƙarfina nake da na biyu da na uku. Gaskiyar magana, gudumar tana jingine a bango har sai na haɗu da wanda ya ƙi ji. Yawancin tarin itace da gatarin faskare nake gama shi.

Uwar Murhu:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni ce mai faskaren gidanmu in maigida ba ya nan, kuma ba wani jiki gare ni ba. Ya sayo guduma mai kilo 3.6 yana ta yabonta. Na ɗaga ta kam, ɗagawa ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce bayan ɗan lokaci sai kafaɗa ta mutu, hannu ya daina kai ta inda ido ya nufa. Ka nufi tsaga, ta sauka can gefe, bugu ya tafi a banza, kai kuma ka riga ka kashe ƙarfin. Da gatarin faskare mara nauyi ina iya sauke baki a kan layi ɗaya sau biyu, sau uku a jere, kuma a nan itace yake buɗewa. Ga wanda ba aikinsa ba ne kullum, ni dai shawarata ya ɗauki wanda zai iya sarrafawa har ƙarshen aikin, kada ya duba wanda ya burge shi a ɗagawar farko.

Malamin Lissafi:
Abin da Hajiya ta gani a aikace yana nan a lissafi. Ƙarfin da kan gatari yake isa da shi jikin itace ya dogara da nauyinsa da kuma saurinsa, amma ba rabo ɗaya suke yi ba. In ka ninka nauyi, ƙarfin ya ninka sau 2. In ka ninka sauri, ya ninka sau 4. Saboda haka kai mai kilo 2 da aka sauke da zafin nama yana iya yin abin da mai kilo 3.6 da aka sauke a kasalance bai yi ba. Doguwar ƙota ma sauri take ƙarawa, shi ya sa na faskare suke kai santimita 80 zuwa 90. Kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan a kan wannan tunanin ya gina gatarinsa: kai madaidaici, ƙota doguwa mara nauyi. Irinsa nake amfani da shi, kuma a itace mai miƙaƙƙiyar jijiya ban ga abin da guduma za ta nuna masa ba.

Na Bakin Daji:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ka ce "mai miƙaƙƙiyar jijiya", to a nan gizo yake saƙa. Ni faskare sana'ata ce, kuma ba ni nake zaɓar itacen da za a kawo min ba. Ka ɗauki gindin tsamiya, ko kirya da ta bushe, ko wurin da bishiya ta rabu gida biyu. Ka sauke gatari mara nauyi da duk saurin da kake da shi, sai ka ji ƙau, ya yi tsalle ya dawo maka, girgizar ta bi ƙota ta shige gwiwar hannu. Mai nauyi in ya sauka ba ya dawowa, yana ci gaba da turawa bayan bugun farko, kuma kaurinsa ba ya barin itacen ya cije shi. Wannan ba a takarda na gani ba, jiki magayi.

Darbejiyar da ɗan'uwanmu yake magana ma jijiyarta a sarƙe take, ba ta tafiya a miƙe. Gungume mai rabin mita na irinta ba a fara shi daga tsakiya. Wannan shi ne abin da nake ganin sababbi suna yi: su ɗora baki a tsakiyar zuciyar itace su yi ta jibga. Tsakiya nan ne wurin da itacen ya fi riƙe kansa, ta ko'ina akwai nama mai matsewa. Ka koma gefe, kamar faɗin tafin hannu daga ɓawo, ka sara bisa zagayen zoben da ke jikin itacen, ka ɓalle ɓangare. Juya, ɓalle wani. Kana zagayawa kana rage shi har ya zama ɗan madaidaici mai kusurwoyi, sannan ka raba shi biyu. Da wannan dabarar ko gatarin faskare zai cinye yawancin manyan. Amma masu ƙulli, inda reshe ya fito, nan kam sai guduma da weji, wato guntun ƙarfen nan mai siririn baki da kai mai kauri da ake kafawa a tsaga a dinga bugawa har itacen ya buɗe.

Wani abu kuma: dubi fuskar gungumen. In ya ɗan sha iska za ka ga 'yan tsage-tsage sun taso daga tsakiya suna nufar gefe. Itacen ne da kansa yake nuna maka inda zai buɗe. Daidaita bakin da mafi girmansu. Ƙulli kuma a juya shi ƙasa, a sara daga ɗaya ɓangaren, kuma kada layin saran ya bi ta cikinsa, ya bi ta gefensa.

Malamin Lissafi:
Na karɓa. Nauyi yana da nasa aikin a inda itacen yake turjiya bayan shigar farko. Ni irin waɗannan gungumen gefe nake ture su, shi ya sa ban cika haɗuwa da abin ba.

Ɗan Maƙera:
Tunda an ambaci weji, bari in sa baki, don a nan mutane suke lalata kayansu. Ƙeyar gatari ba guduma ba ce. Baki ake ba wa tauri, ƙeya da ramin ƙota a yawancin gatura ƙarfe ne mai laushi. In aka dinga bugun weji da ita, ko aka dinga bugunta da wata guduma don a tura gatarin da ya maƙale, ramin yana buɗewa ya karkace. Daga nan ƙota ba za ta sake zama daram ba, komai tsinken da ka cusa. An sha kawo min irinsu. Na baya-bayan nan aro aka yi, aka dawo wa mai shi da shi ramin ya zama kamar bakin kwaɗo, kan yana rawa. Ban iya yi masa komai ba.

Gudumar faskare ita ce aka ƙera da ƙeya mai jure bugu, wannan shi ne babban fifikonta a wurina, ba nauyin ba. Sai dai ko ita a duba, wasu masu ƙerawa suna rubuta cewa kada a buga ƙarfe da tasu. Weji kuma in kansa ya fara baɗewa yana lanƙwasowa gefe-gefe, a goge wannan leɓen da injin wasa ko magagari kafin a ci gaba. Ɓarɓashin ƙarfen da yake fizgewa daga nan yana shiga fata, yana shiga ido. Tabarau na kariya ba ado ba ne a wannan aikin. Kuma a nemi weji biyu: in na farko ya nutse gungumen bai buɗe ba, na biyun ne zai fito da shi.

Batun kaifi: na faskare ba ya bukatar kaifin aska, bakin da ya yi siriri da yawa ɓallewa yake yi a ƙulli. Amma dakusasshe ɗungurungum ma tsalle yake yi. A bi shi da magagari lokaci-lokaci, a bar masa kaurinsa.

Mai Ciwon Baya:
Ni bayana ne ya zaɓar min. Duk wanda ya ɗanɗana ciwon ƙugu ya san ba saran ne yake kashe mutum ba, sunkuyon ɗauko itacen da ya faɗi ne a sake tsayar da shi. Na samu tsohuwar tayar mota na ɗora a kan kututturen da nake faskare, na kafe ta. Sai in cika cikinta da guntaye a tsaye, in yi ta sara ina zagayawa, babu wanda yake faɗuwa ko ya yi tsalle ya bugi ƙafata. In na kuskure, tayar ce take karɓar bugun maimakon ƙota.

Kututturen ya zama gajere mai faɗi. In ya yi tsawo ka rage wa kanka tazarar da gatari zai samu sauri. In kuma a kan ƙasa mai laushi kake yi kai tsaye, ƙasar tana shanye wani kaso na bugun, baki kuma yana cin tsakuwa. Manyan gungume ba na ɗaga su ko kaɗan, a inda suke nake ɓalle musu gefe. Guduma na bar ta tuntuni. Da ita ba a ma sara da ƙarfin tsiya: hannu ɗaya kusa da kai wajen ɗagawa, ya zame ya tarar da ɗan'uwansa wajen saukewa, a ɗan durƙusa, nauyin ya yi sauran. Duk da haka ɗaga kilo uku da wani abu sama da kai, ana maimaitawa, bayana bai yarda ba.

Uwar Murhu:
Wannan dabarar taya ban taɓa jin ta ba, Allah ya saka da alheri. Ƙanena mai tambaya, ka kula da tsawon ƙota ma. Gajera in ta kuskure itace ƙwauri take nema. Doguwa ƙasa take tararwa. A ware ƙafafu, a sa takalmi rufaffe, yara kuma a kore su nesa, don guntun itace yana tashi inda ba a zata ba.

Baban Gungume:
Ƙota kam kowa da ra'ayinsa. Ta itace tana da daɗin hannu, ba ta kai girgiza sosai, in ta karye ka sake wata. Amma sabon hannu yakan zarce, wuyan ƙota ya bugi gungume maimakon baki, kuma da nauyin guduma bugu kaɗan irin wannan sun isa su tsaga ta. Ta roba mai ƙarfi ta fi jure wannan, sai dai in ta lalace da wuya a gyara. Ta ƙarfe ba ta karyewa, amma hannunka ne zai biya.

Kada kuma ka bar gungumen su daɗe. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa yakan zama ruwa, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Gungume da ɓawonsa a rufe a hankali yake bushewa, fasasshe kuwa iska tana ratsa shi. Bishiyar turare musamman, in ka bari ta bushe a dunƙule, ka haɗa kanka da aiki. Da ɗanyenta ake gamawa.

Na Bakin Daji:
Turare kam Baba, na sha ta. Busasshiya ko guduma sai ta yi gumi.

Sabon Mafaskari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba, nawa gatarin sara ne kamar yadda Baba ya ce, siriri har ƙeya. Jiya da yamma na gwada farawa daga gefe da shi a haka, ɓangarori sun ɓalle, ko da yake yana cijewa jefi-jefi. Zan sayi gatarin faskare mai doguwar ƙota. Masu ƙullin ba su da yawa, na ware su gefe guda. Ɗan Maƙera, akwai wata babbar gudumar fasa dutse a gidan, in na samo weji biyu zan iya bugunsu da ita, ko lallai sai gudumar faskare?

Ɗan Maƙera:
Ta fasa dutsen ta ma fi dacewa, fuskarta ta fi faɗi, ba ka cika kuskure ba. Fara kafa wejin da ƙananan bugu a cikin tsagar da ke kusa da gefe har ya tsaya da kansa, ka janye hannunka, sannan ka buga da ƙarfi. Ka duba kanta ba ya rawa a ƙota kafin ka fara.