Kifin ya ƙare ne, ko ya nutse ƙasa?

Alhaji Sule, Nima: Salamu alaikum jama'a. Ana ta kuka wai amane, ƙaramin kifin nan na sardin, ya ƙare a teku. Ni ban yarda ba. Teku ba rijiya ba ce da za a kwashe. Ƙarar injina ce ta kore shi, ya gangara can ƙasa inda taru ba ya kaiwa. Yana nan, zai dawo.

Hajiya Rabi, Mamobi: Wa alaikumus salam Alhaji. Na fi shekara 20 ina sarin kyafaffen kifi a Chorkor, unguwar masunta a bakin tekun Accra. Da, daga Yuli zuwa Satumba, matan nan har rasa wurin shanya suke yi. Yanzu sai ka tarar da murhu a sanyaye. Kuma wanda ake kawowa duk 'yan ƙanana ne, ba su isa yin ƙwai ba. Wannan shi ke tayar mini da hankali.

Malam Bashiru: Alhaji, a yi mini afuwa, amane ba kifin zurfi ba ne. Abincinsa ƙananan halittu ne da ke yawo a saman ruwa, su kuma sun dogara da hasken rana, wanda ƙarfinsa ba ya wuce kamar mita 200. Lokacin da Hajiya ta ambata shi ne lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa a gaɓar Ghana, ya kawo taki, abincin kifi ya yawaita. In ya gangara ƙasa, me zai ci?

Alhaji Sule: Malam, ai kai ka taɓa ba mu labarin kifin da aka ɗauki hotonsa a zurfin da ya wuce mita 8,000.

Malam Bashiru: Haka ne. A 2022 ne, kusa da Japan, a mita 8,336. Amma kifi ne mai laushin jiki kamar kitse, an halitta shi don nauyin ruwan wurin. Haka a 1977, kusa da tsibiran Galapagos, aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku, da tsutsotsi masu tsawon da ya fi na mutum, suna rayuwa ba rana. Ikon Allah ne, ba na gajiya da mamakinsa. Sai dai kowa da gidansa. Yawancin na can ƙasa jiran abin da ke faɗowa daga sama suke yi, shi ya sa ba su da yawa, kuma girmansu a hankali ne.

Nasiru: Baba Alhaji, mu kalli saiko. Manyan jirage sun yi shekaru suna kwashe ƙananan kifin da na masu kwale-kwale ne, su daskarar, su sayar a tsakiyar teku, a shigo da shi ta Elmina. Ga masu kamu da fitila cikin dare. A 2021 Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi kan haramtaccen kamu.

Alhaji Sule: To a kama masu jiragen. Amma da aka fara hana masu kwale-kwale fita wata guda a 2019, wa ya kwana da yunwa? Talaka. A nan ba zan sauka ba.

Hajiya Rabi: Nan kam ina tare da kai, Alhaji, na ga yadda watan ya yi wa matan da nake ciniki da su. Amma masuntan ƙabilar Ga tun kakanninsu ba sa fita ranar Talata. Hutar da teku ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Malam Bashiru: A Kanada ma an yi zaton kifin cod na gaɓar Newfoundland ba zai ƙare ba. A 1992 aka rufe kamun, dubban mutane suka rasa sana'a, sai 2024 aka sake buɗewa.

Alhaji Sule: Shekara 32? Hajiya, in za ki Chorkor ranar Asabar ki biya ta shagona mu tafi tare. Ina so in ji daga bakin masu shiga ruwan.