Babba da ƙarami a dutse ɗaya: nau'in amonait biyu ne, ko mace da namiji?

Mai tara burbushin halittu: Jama'a, ni dai a ganina idan amonait biyu suka bambanta a girman kwanso da kaurin haƙarƙarin da ke jikinsa, to nau'i biyu ne daban, ko da a shimfiɗar dutse ɗaya aka tono su. Halittun nan na teku masu murɗaɗɗen kwanso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kwanso kawai suka bar mana, saboda haka da shi za a yi hukunci.

Malamar ilimin duwatsu: Malam, wannan hanyar ce masanin burbushin halittu S. S. Buckman ya bi a Ingila, har ya raɗa sunaye fiye da sittin ga amonait na rukunin Sonninia da aka samo a Dorset. Da wani masanin, Westermann, ya sake nazarinsu a 1966, sai ya ga cewa daga mai kumburi da ƙayoyi zuwa siriri mai santsi babu inda jerin ya yanke, ya mai da su nau'i ɗaya. Kafin nan, a farkon shekarun 1960, masana biyu, Makowski a Poland da Callomon a Ingila, kowa da nasa binciken, sun nuna cewa babba da ƙarami da ake yawan samu tare sau da dama mace da namiji ne, kuma galibin masana na ɗaukar babbar a matsayin macen.

Mai tara burbushin halittu: To Malama, me zai hana ƙaramin ya zama ɗan da bai gama girma ba?

Malamar ilimin duwatsu: Kwanson ne da kansa yake ba da amsa. Idan amonait ya balaga, bangayen ƙarshe da ke raba ɗakunan cikinsa sukan matso kusa da juna, kuma a nau'o'i da yawa na zamanin Jurasik ƙaramin yana fitar da wasu 'yan kunnuwa biyu a gefen bakin kwanso, alhali bakin babban ba shi da su. Wanda ke da waɗannan alamu ya gama girmansa. Idan kuma aka fasa babban, aka tarar murɗin cikinsa daidai yake da na ƙaramin, hujjar ta ƙara ƙarfi.

Ɗalibi: Malama, ba zanen ɗinkin nan mai kama da ganye, wato layin da bangayen ɗakunan ke haɗuwa da jikin kwanso, ne ke raba gardama ba?

Malamar ilimin duwatsu: Yana taimakawa ƙwarai wajen raba manyan rukunoni, domin na rukunin goniyatait lanƙwasa ce mai sauƙi, na rukunin seratait yana da haƙora a ɓangare ɗaya, na amonait na ainihi kuwa ya yi rassa ko'ina. Amma tsakanin nau'o'i makusanta ba kasafai yake wadatarwa ba.

Mai tara burbushin halittu: Na yarda da batun kunnuwan, amma ba wanda ya taɓa ganin sun hayayyafa, kuma har yau akwai manya da ƙanana da ake kira da sunaye daban. Kafin in haɗa biyu a suna ɗaya, sai na ga sun bayyana tare sun kuma ɓace tare a jerin shimfiɗun dutsen.