Bangon jipsam da ake haɗowa daga kamfani, zai iya ɗaukar bene kuwa?

Dan_Kurna:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin gini ku taimaka, na ga wani bidiyo daga Indiya ana sauke bango guda sukutum daga tirela da kiren, wai GFRG sunansa, jipsam ne da zaren gilashi. To ni dai jipsam ɗin da na sani shi ne POP na silin, wanda in rufi ya yi yoyo sai ka ga ya kumbura ya zubo, ta yaya wannan zai ɗauki dekin?

Injiniya_KD:
Wa alaikumus salam. Malam ba irin POP ɗin silinka ba ne. A Ostareliya aka fara shi da sunan Rapidwall, daga baya Indiya suka ɗauka saboda jipsam ɗin da ke fita daga kamfanonin takin zamani ya yi musu yawa. Allo ɗaya tsawonsa mita 12, tsayi mita 3, kauri milimita 124 kacal, kuma cikinsa ramuka ne a jere daga sama har ƙasa kamar bulo mai rami amma dogo. Sirrin yana cikin ramukan nan, ana zura rodi a zuba kankare sai kowane rami ya zama ƙaramar fila, to nauyin bene kankaren da allon ne suke ɗauka tare, zaren gilashin kuma shi ke hana jipsam ɗin tsagewa. Jami'ar IIT Madras da ke Indiya sun gina bene hawa ɗaya da shi a cikin makarantarsu a 2013, bango da dekin da matakala duk da allon.

Baba Birkila:
Injiniya ka yi bayani amma shekara talatin ina ɗora bulo, abin da ke kashe gini a nan ruwa ne ba nauyi ba. Bango siriri haka damina ɗaya ta Agusta fa?

Injiniya_KD:
Baba ai gaskiyarka, nan ne lagonsa. Ana saka maganin hana shan ruwa tun a kamfani, sai dai mahaɗar allo da allo da gindin bango inda ya zauna kan fandisho da banɗaki, in ba a toshe su da kyau ba danshi zai shiga. Sannan dole bangon sama ya hau daidai kan na ƙasa, ba irin namu da mai gida zai zo bayan an zuba dekin ya ce a matsar da falo ba.

Maman Ilham:
Ni dai da na ji ba ya buƙatar fulasta kuma ɗaki ya fi faɗi har na fara murna lol. Amma allo mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi, wane kiren ne zai shiga lungunmu?

Dan_Kurna:
Hajiya kin gama magana, namu lungun ko tifar yashi a bakin titi take juyewa mu ƙarasa da baro. Na gode Injiniya, Baba sai ka zo mu lissafa bulo.