Tsohuwar Alfa Romeo Spider ƙirar 1974, in saya ko in haƙura?

Baban Ilham: Salamu alaikum ƴan zaure. Don Allah masu ido a kan tsofaffin motoci ina neman shawara. Wani dattijo ne a wani ƙauye kusa da Brescia nan Italiya zai sayar da Alfa Romeo Spider 2000 ƙirar 1974, ja, mai yankakken bayan nan. Ya ce hannu biyu kawai ta ratsa, kuma tun da matarsa ta rasu take kulle a gareji. Na je na gani ran Asabar, wlh kamar amarya, bugu ɗaya ta tashi. Yuro 21,000 ya sa mata. Ni dai raina ya biya amma ban taɓa riƙe motar da ta girme ni ba.

Ɗan Zongo: Wa alaikumus salam. Motar mutum biyu? Maman Ilham da yara fa, a but za ka zuba su?

Baban Ilham: Hhh akwai ta gida ai, wannan ta sha'awa ce

Kawu Torino: Ɗana zauna ka ji, don ni na sha wannan ruwan har na ƙoshi. Shekarun baya na sayi GT Junior 1300, ƴar uwar wannan taka ce, ƙashinsu ɗaya injinsu dangi ɗaya, bambancin ita mai rufi ce. Ni ma haka aka ce min, kulle take a gareji, fenti na ɗaukar ido, na zagaya ta sau uku na ji ƙarar inji na biya ko ƙasa ban leƙa ba. Wata biyu da saye taya ta yi faci a hanyar Asti, na sa jak, ina ɗagawa sai na ji ƙurus, jak ya shige cikin jikin mota ita kuma tana nan zaune a ƙasa. Da aka kai wajen mai gyaran jiki ya kankare dokin ƙofar nan na ƙasa, abin da ya fito ba ƙarfe ba ne, fila ce kauri kamar tuwo da ragar waya, har da guntun jarida aka cusa a ciki. Daɓen da direba ke sa ƙafa kuwa da sukundireba ya huda shi ina tsaye. Kuɗin da na kashe a walda da fenti ya fi kuɗin motar, ta yi wata goma sha ɗaya a gareji, shi kuma wanda ya sayar min ya daina ɗaga waya. To ka ji, a waɗannan motocin inji ba shi ne abin tsoro ba, injin gorar ruwa ne zalla mai kamshaf biyu, tun 1954 Alfa ke yin irinsa kuma kayansa na nan a kasuwa har gobe, duk bakaniken da ya yi furfura a ƙasar nan ya san shi. Tsatsa ce ke kashe su. Spider ma ta fi muni don ba ta da rufin ƙarfe, dokin ƙofar nan shi ke riƙe da ita gaba ɗaya, in ya ruɓe motar lanƙwashewa take a tsakiya. Ka koma da maganaɗisu ƙarami naɗe a tsumma ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, duk inda bai kama ba fila ce. Ka ɗaga kafet, ka cire safaya ka duba raminta, ka buɗe ƙofofi ka rufe ka ga ko suna daidaita. In dattijon ya ƙi a kai ta gareji a ɗaga ta sama, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Baban Ilham: Innalillahi. Kawu wlh ban ɗaga kafet ba

Bakaniken Panteka: Ka ja ta tun da sanyinta ka sauko daga giya uku zuwa biyu, in ta yi gurnani to an san ciwonsu kenan. Sannan buɗe murfin lagireto ka ga ko akwai baƙin mai a ruwan.

Ɗan Zongo: Ni tambarin ne ma ban gane ba, maciji na haɗiye mutum. Ya za ka sa wannan a ƙofar gidanka

Malam na Milano: Ɗan Zongo ba tsafi ba ne. Macijin tambarin gidan Visconti ne da suka mulki Milan ɗaruruwan shekaru da suka wuce, jan kuros ɗin kuma na birnin ne. A Milan aka kafa kamfanin 1910 da sunan A.L.F.A., sai Nicola Romeo ya karɓe shi 1915 aka maƙala sunansa daga baya. Shi kansa Enzo Ferrari direban tserensu ne kafin ya yi nasa, kuma gasar Formula 1 ta farko a 1950 Farina ya ci ta da Alfa, Fangio ya maimaita 1951. Duk wanda ke kusa ya je gidan tarihinsu na Arese kusa da Milan ya kashe kwarkwatar ido.

Ɗan Zongo: Toh Malam ka ƙara min da kuros kuma 😂

Alhajin Kwari: Ni fa duk wannan wahala ce. Fijo 504 ta Kaduna ta fi min wannan sau goma, ta ɗau buhu ta ɗau iyali ta shiga Dawanau ta fito

Bakaniken Panteka: Alhaji ai 504 ɗin ma Pininfarina na Torino ne ya zana ta, gidan da ya zana Spider ɗin. Uwa ɗaya uba daban

Alhajin Kwari: Ƙarya kake yaro, motar Faransa ce

Bakaniken Panteka: Allah ya huci zuciyarka, ƙira ta Faransa, haɗi na Kakuri, zane na Torino. Tambayi Kawu

Kawu Torino: Gaskiyar yaron ne Alhaji

Alhajin Kwari: To ko ma wa ya zana ta ba ta taɓa cinye min jak ba

Hajiyar Bologna: Ku bar musun 504 mutum na neman shawara. Baban Ilham ni ta takardu zan yi maka magana don maigidana ya taɓa kusan faɗawa. Maganar hannu biyu kar ka ɗauka a baki, ka je ofishin ACI, ƙungiyar masu motoci ta Italiya, da lambar motar ka nemi estratto cronologico na PRA, wato takardar tarihin mota daga rajistar motoci ta ƙasa, zai nuna maka duk wanda ya taɓa mallakarta, da ko akwai bashi ko an ɗaure ta saboda haraji. Ka haɗa lambar shasi da ke jikin mota da ta libretto, wato takardar motar, harafi da harafi. Kuma sashen tarihi na kamfanin suna ba da takardar asali in ka tura musu lambar shasi, a nan za ka ga ranar da ta fito da ainihin kalarta, don ja ɗin nan da yawa ba da shi aka haife su ba, an san ja ke tafiya a kasuwa shi ya sa ake mayar da su. In tana da rajistar ASI, ƙungiyar tsofaffin motoci, ya nuna maka, inshora na sauƙi, kuma tunda ta haura shekara 30 bollo, wato harajin mota na shekara, ba zai dame ka ba sai ɗan abin da bai kai cefane ba.

Malam na Milano: Ƙari a kan na Hajiya, leƙa inji ka gani kafireta biyu ne, Weber ko Dell'Orto, ko kuwa famfon fesa fetur na SPICA. In SPICA ce to wadda aka yi wa Amurka ce aka dawo da ita, ba aibu ba ne amma masu iya saita ta sun yi ƙaranci kuma farashi ya kamata ya sauka.

Baban Ilham: Kafireta biyu na gani, wannan kam na tabbata

Ɗan Zongo: In ka saya ka turo ta gida mu yi hawan sallah da ita

Bakaniken Panteka: Wace gida? Kwastam ba sa barin mota mai waɗannan shekarun, ta kan iyakar ƙasa ma tun 2017 aka hana shigo da mota. In ma ta shigo cikinta a ƙasa yake, bam ɗaya na unguwa zai fasa mata tukunyar baƙin mai, kuma ka zagaye Kofar Ruwa kaf ba za ka samu ko gasket ɗinta ba

Ɗan Zongo: Ni Kumasi nake nufi malam, ba kowa ne ɗan Najeriya ba a zauren nan

Alhajin Kwari: Ga shi nan an fara

Kawu Torino: Ɗana kar ka yi gaggawa, watan Oktoba akwai baje kolin tsofaffin motoci a Bologna, wanda da ake yi a Padova. Ka je ka ga Spider goma a jere, mai kyau da mai kwalliya, idonka zai buɗe kafin ka saki kuɗi.

Hajiyar Bologna: In za ku zo ku faɗa da wuri a tanadi masa da miyar taushe

Alhajin Kwari: Yauwa yanzu aka yi magana. Hajiya ana samun yakuwa a can?

Hajiyar Bologna: Busasshiya, wajen ƴan Senegal

Baban Ilham: Na kira dattijon yanzu, ya yarda a ɗaga ta ran Asabar amma ya ce a garejin ƙaninsa. Kawu ya ka gani?

Kawu Torino: Na ƙaninsa? Turo min adireshin ta bayan fage, zan shigo jirgin safe da maganaɗisuna.